Katako Biyar a Bangon Iya

Iya Hure, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa ba mu tatsuniya kyauta ba. Sai an ci tuwo an yi isha'i, ta jawo kwandon gyaɗar iri kusa da murhu, ta zube mana a tabarma, ta ce duk wanda hannunsa ya tsaya da ɓara to ya toshe kunnensa. Mu bakwai ne jikokinta a gidan, a wani ɗan ƙauye bayan Rawayau. Ina jin rabin gyaɗar da aka shuka a gonarmu a shekarun nan yatsunmu ne suka ɓare ta. Ladanmu shi ne 'yan ƙwayoyin da take turawa cikin toka mai zafi, da kuma labari.

Ni maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Da ta ga bakina yana motsi sai ta ɗaga muciya.

"Maigida, kai hwa ci kake, ba ɓara ba. Miji irinka ai sai ya cinye irin shuka ya bar ni da yunwa."

Tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Za ta ƙwanƙwasa muciyar a jikin murhu ta ce, "Baƙuwa ta yi sallama." Mu kuma mu haɗa baki mu ce a shigo da ita. Daga nan ba ka jin komai sai ƙarar ɓawon gyaɗa da muryarta, wadda take ƙasa-ƙasa har sai mun matso. Kyanwar gidan takan zo ta kwanta a bayanta don ɗumin wuta, domin tun da na san Iya ban taɓa ganinta ba kyanwa ba.

Akwai guda ɗaya da na tsana, kuma ita ta fi yawan ba mu. Wai an yi wata tsohuwa, ba ɗa ba jika, sai kyanwa ɗaya. Kura ta addabi garinsu, ta gama da awaki, ta gama da karnuka, ta dawo kan kyanwoyi. Tsohuwa ta ɗauki tata ta sa a rumbu, ta liƙe bakin da laka, ta bar 'yar kafa inda za ta riƙa miƙa mata nono. Bayan kwana uku kyanwa ta ce tana kewar katanga. Tsohuwa ta tura mata tubali. Ta ce tana kewar tsamiyar ƙofar gida. Tsohuwa ta karyo reshe ta tura mata. Ta ce tana kewar rana. Tsohuwa ta shanya ƙwarya a tsakar gida, ta rufe da faifai, ta ruga da gudu ta miƙa mata, aka buɗe ba komai ciki sai ɗan ɗumi. A nan mukan yi dariya har mu faɗi a kan ɓawo. Iya sai ta jira mu gama.

"Daga nan kyanwa ta bar roƙo," in ji ta. "Ta bar shan nono. Kura ko tana nan, kullum sai ta zagaya rumbu. To, ku ne tsohuwar ga. Ku buɗe ko ku bari?"

"A buɗe!"

"To kura ta gode, ta samu kalaci."

"A bari! A bari!"

"To ku nemo hwartanya, da sahe ku yi mata rami."

Wani cikinmu yakan ce a kashe kurar. Sai ta dube shi ta ce, "Da mi? Da ɓawon gyaɗa?" Wata rana haushi ya kama ni, na kwashi ɓawo na watsa a wuta, na ce ita muguwa ce, ta san ƙarshen ta ɓoye mana. Ta yi dariya har da share hawaye, ta ce ita ma haka aka ba ta, ba ta rage komai ba. Ban yarda ba. Na kwanta ina kuka saboda kyanwar da ba a taɓa yi ba.

Shekara kusan talatin ke nan. Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, ina haya ɗaki biyu da ni da matata Hajara. Abin da ya sami ƙauyukanmu kowa ya sani. 'Yan bindiga suka riƙa shigowa, yau a kore shanu, gobe a ɗauki mutum, har gidanmu ya watse, wasu suka koma cikin Kurfi, wasu suka yi nisa. Iya ta ce ita ba inda za ta. Sai da na je da mai babur da rana tsaka, na ɗauko ta kusan da ƙarfi. Sharaɗi ɗaya ta kafa: ba ta hawa sai da kyanwarta, wata mai launin toka da take kira Toka. Haka muka taho, Iya a tsakiya, kyanwa a cikin kwando tana ta kuka har gari.

Mako ɗaya da zuwansu Toka ta cinye wa maƙwabcinmu tantabaru biyu. Mutumin kirki ne, ya yi sallama da ni a ƙofar gida, ya ce, "Malam, ba faɗa na zo ba. Amma zan sa magani a kan katanga, na ce bari in faɗa maka tun da wuri." Me zan ce? Tantabarunsa ne. Daga ranar aka kulle Toka a ɗakin Iya, aka ajiye mata kasko da ƙasa a lungu don yin kashi. Dabbar da ta saba yini a kan katanga da saman rumbu sai ga ta tsakanin gado da buta. Ta yayyage katifa, ta kankare ƙofa, ta rame. Iya ma cin abincinta ya ragu, tuwon da Hajara ta kai mata haka ake ɗauko shi an ɗan gutsuri gefe.

Hajara ce ta nuna mini a waya yadda wasu mutane suke kafa wa kyanwoyinsu katakai a bango, hawa-hawa, su riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Na yi tsaki na ce waɗannan ba su da abin yi. Kwana biyu bayan haka ni ne a wurin masu katako ina taya guntaye. Lissafina shi ne idan kyanwar ta kwantar da hankali, mai ita ma za ta kwantar.

Ni a ginin ƙasa na tashi, inda za ka fiƙe itace ka buga a bango ko'ina, ka rataya buhu ya shekara. Da wannan ilimin na sayo manyan ƙusoshi na hau bangon mutane da guduma. Ashe bulo cikinsa rami ne. Ƙusa ta shige kamar a cikin kabewa, na ga ta tsaya, na ɗora katako, na ɗauki Toka na aza. Ko zama ba ta gama yi ba katakon ya zubo da ita, ya ɓamɓaro siminti kamar faɗin faranti. Kyanwa ta shige ƙarƙashin gado. Iya ta dube ni daga kan darduma.

"Maigida, namu gidan ya tahi, na mutane kuma za ka rushe?"

Dole na kira Malam Idi kafinta. Da na yi masa bayani sai ya ajiye jakarsa ya ce, "Malam, kantar jere na sani, kantar shago na sani. Ta mage dai yau na fara ji." Amma ya yi aikin da gaske. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma har ya gano inda bulo ya haɗu da bulo, nan ne siminti yake cike. Ya huda, ya sassaƙa 'yan itatuwa ya cusa, ya ɗaure ƙarafunan da za su tallafi katakon. Katako biyar ya kafa, kowane ya ɗara na ƙasansa da kamu biyu, na ƙarshe daidai 'yar tagar da ke kusa da rufi, wadda aka sa wa raga. Hajara ta yanka tsohon buhu ta lulluɓe su don farce ya samu abin kamawa.

Rana ta biyu Toka ta hau. Ta shinshina na farko, ta yi tsalle, ta yi tsalle, sai ga ta a sama ta naɗe wutsiya tana kallon waje. Daga nan can take yini. Ta koma cin abinci, gashinta ya kwanta. Na ji daɗi ƙwarai, har na riƙa shigo da mutane suna gani. Ita kuwa Iya ba abin da ya sauya. Tana zaune a bakin gado, carbi a hannu, ta ɗaga kai tana kallon kyanwar. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ita kam an yi mata katanga."

Da ruwan fari ya sauka na dawo daga makaranta na tarar ta ɗaure kayanta a zane.

"Ka kai ni gida in ga an yi shuka, in dawo."

"Iya, wa zai yi shukar? Ba kowa a garin."

"To in ga ba a yi ba."

"Hanyar ba ta biyuwa, Iya. Kin sani."

"In sun ɗauke ni mi za su yi da ni? Ko miya ba ni iya kaɗawa. Can aka binne kakanka, can aka binne ubanka. Ni nan za ka sa ni, cikin baƙi?"

Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ba za ta je ba, ko za ta tsine mini. Ba ta tsine mini ba, ta kwance ƙullin ta mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana uku Hajara ta tsinto ta a bakin titi da sandarta, tana tsayar da masu babur. Tun daga ranar, idan zan fita, kwaɗo nake sa wa ƙofar gida, Hajara ta riƙe makulli. Na san Iya tana jin ƙarar rufewarsa, domin ɗakinta ne kusa da zaure. Kullum sai na tsaya a waje na ɗan jima kafin ƙafata ta yarda ta tafi.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan wasa da hankali ce, akwai amsa, mai wayo ne zai gano. Yanzu na yarda ba ta rage komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne a duk daren da ta ba mu ita, cewa take mu ne tsohuwar. Ba ta taɓa cewa mu zama kyanwar ba. Ban sani ba ko tun lokacin tana shirya mu ne, ko kuwa ita ma ba ta taɓa zaton wata rana ita za a rufe ba. Na so in tambaye ta, amma kunya ba ta bar ni ba, kuma ta daina ba da tatsuniya.

Makon jiya ta kira ni bayan la'asar, ta ce tunda ba zan kai ta ba, in samo mata ƙasar gonar gida ko cikin tafin hannu ne, ta ji ƙamshinta da ruwa ya taɓa ta. Na ce to. Na tambayi masu babur uku, kowa ya ce ko nawa zan ba shi ba zai shiga ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, tsoro nake ji. Washegari sai na zaga bayan makarantarmu inda ake ɗan noma, na ɗebi ƙasa mai laima a leda, na ɓata lokaci a gari har yamma don ta ga kamar na yi tafiya.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta murza a yatsunta, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ni ina tsaye ina kallon ƙafafuna.

"Allah shi yi maka albarka, maigida," in ji ta. "Ka sha hanya."

Sannan ta ƙwala wa Hajara kira, ta miƙa mata ledar.

"Ungo, 'yar nan. Zuba wa Toka a kaskonta, tata ƙasar ta kwana biyu."

Ta kakkaɓe hannunta a zane, ta kwanta ta juya fuska bango. Na tsaya har Hajara ta gama zubawa, sannan na fita na ja musu ƙofa.