Mun kai cikin Rakiya Maraɗi

Jiratawa

Mun fita gida ana kiran assalatu, ni da yayata Hajo da 'yarta Rakiya a goye. Taurari ba su gama ɓuya ba, ƙamshin zogale na tasowa daga lambuna.

Rakiya ta isa shiga lakwal, makarantar boko, amma ba ta magana, ba ta tafiya sai an riƙe ta. Da ciwon aka haife ta, irin wanda ba kasafai ake gani ba, kuma shi ke ɗaure mata ciki. A wannan karon ta fi mako ba ta yi bayan gida ba. Cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwarya, ko kunu ta daina karɓa.

Ni bakin Yaya aka ɗauko ni in zama, in yi magana a madadinta. Rakiya 'yar fari ce, Yaya kuwa ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta zancenta gaban mutane. “Yarinyar nan” take cewa, ta kau da kai.

A bakin hanya muka samu mota cike da buhunan ganye. A shingen jandarma wani ya leƙo, ya ga fuskar Rakiya, ya mayar mana da katinmu bai ko duba ba.

“Direba, bi da su sannu,” in ji shi. “Allah ba ta lafiya.”

Maraɗi

Rana ta fito muna tasha. Ɗan kabu-kabu ya dube mu ya ce, “Ku uku? Babur ne fa, ba amalanke ba!” Muka shiga adaidaita zuwa asibiti.

Lokotoron mace ce, doguwa, mai sanyin murya. Kafin ta taɓa Rakiya sai da ta murza tafukanta suka yi ɗumi, ta gaishe ta kamar babba. Tun nan na ji ta kwanta mani. Ta lalubi cikin, ta aika aka yi hoto, sannan ta fara tambaya. Wane iri ne kashin in ya zo? Da jini? Tana amai? Na buɗe baki na ga ban sani ba. Ni makaranta nake, hutu kawai nake zuwa.

Lokotoro ta dubi Yaya, ta dubi yarinyar, ta gane. Sai ta juya kujerarta ta fuskanci taga.

“Hajo, ni ma 'yar fari ce,” ta ce. “Ba ni kallonki. Faɗa wa bango, ni ina ji.”

Yaya ta dubi bango. Can ta fara, murya ƙasa-ƙasa. Kashin kamar na akuya yake. In zai zo yarinyar takan murɗa hannuwa ta yi gumi. In ya daɗe, kakarta ta Tsibiri takan dafa filasko a ɗura mata, ta yi ta murƙususu da zawo, bayan haka cikin ya sake ɗaurewa.

Lokotoro ta ce ciwon haihuwar ba ta da maganinsa, amma cikin ana iya masa. Hanjin ne ba shi da ƙarfin turawa, kashi ya taru ya daskare, in aka bar shi yana iya kai ta ga aikin tiyata. Ta rubuta wani gari da ake damawa da ruwa: da yawa a farko don a kwashe abin da ya taru, sannan kaɗan kullum, watanni, ko da cikin ya saki. A yawaita mata ruwa, da miyar kuɓewa da zogale da gwanda. Bayan cin abinci a zaunar da ita kan fo, ƙafafunta na taka ƙasa. Ta kama hannun Yaya ta nuna mata yadda ake shafa cikin a kewaye.

“Filaskon tukunya ba shi da awo,” ta ce. “A bar shi.”

Muka sayi maganin a farmasi, muka kwana Sabon Gari gidan innarmu. Ta yi mana tuwon gero, Rakiya ta sha kofinta na farko.

Tsibiri

Washegari da hantsi muka hau taksi zuwa Tsibiri, don ba a kai jika asibiti a wuce kakarta. Gero ya yi kai, gonaki na kaɗawa dama da hagu kamar ruwa.

Hajiya, uwar mijin Yaya, ta tarbe mu da fura. Tana son Rakiya kamar ranta.

“Ƙawata, ke da rowa!” ta ce tana taɓa cikin. “Har kashi sai an roƙe ki? Bari, maganinki na kan wuta.”

Ta sauke tukunyar filasko, ta tace a moɗa. Na fara kawo bayanin lokotoro, ta ce, “Ke 'yar lakwal, mi kika sani? Da shi na raini ubanta.”

Ta miƙa hannu za ta ɗauki yarinyar. Yaya na durƙushe gefen tabarma, kanta a ƙasa, matar da ko ruwa ba ta sha gaban surukarta. Sai na ga ta matso, ta rufe bakin moɗar da tafinta.

“Hajiya, ki gafarce ni. Rakiya ba za ta sha ba.”

Rakiya ta juyo da kai, tana neman inda sunanta ya fito.

Hajiya ta dube su. Sannan ta tuttule moɗar a gindin iccen bedi.

“To,” ta ce, “nuna mani yadda ake dama naku.”

Gida

Mun iso Jiratawa bayan la'asar. Kwana biyu muna dama gari, muna shafa ciki, muna jira. Ran na uku da safe na ji Yaya daga bayan ɗaki tana dariya, tana cewa: “Rakiya, sannu! Sannu, Rakiya!” Da rana yarinyar ta shanye kunu ta miƙo kofi.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da innarmu ta Sabon Gari, da Hajiya da ta aiko gwanda, da matar nan da ta juya kujerarta.