Tsohon da Ya Ɗinke Takalmina

Kwananmu uku a ƙasar nan muna aikin bishara. Ni aikina wanke ƙafafun marasa lafiya a harabar coci kafin likitanmu ya duba su. Wani tsoho yana zaune a bakin benci, dogo siriri, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga. Ƙafarsa ta hagu a kumbure take, naɗe da tsumma.

Ina durƙusawa sai ya janye ƙafar, ya ɗaure fuska. Ba na jin yarensa. Ko na yi masa laifi ne ban sani ba?

Ashe takalmina yake harara, wanda ya tsinke tun a filin jirgi na ɗaure da wayar ƙarfe. Ya yi wa tafintarmu magana.

"Wai ki cire," in ji ta tana dariya. "Ba zai ba ki ƙafarsa ba alhali kin kasa kula da taki."

Na cire takalmin na miƙa masa. Ya zaro allura daga cikin hularsa. Babban yatsansa duk sawun zare ne, da gani a kan takalman mutane ya tsufa.

Yanzu ina wanke masa gyambo, yana ɗinki. In na taɓa wurin ciwon, sai ya cije leɓe ya ƙara jan zare.

"Sannu, Baba," na ce.

Ya ɗaga takalmin, ya yi gunaguni.

"Wai ke za a yi wa sannu," in ji tafinta. "Kwana uku kina taka waya."