Ƙwan Fitila a Ƙofar Tanderu

Shekaru sun ja, haƙora sun zube, jikokina ma sai in kira wannan da sunan wancan. Amma ranar da na fara ganin burodi yana tashi a cikin tanderu ba tare da na buɗe ƙofa ba, wannan kam ba zan manta da ita ba har a rufe ni.

Bayan samun mulkin kai da kaɗan ne, ina aure a Dutsin-Ma. Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin hatsi yake yi, ni kuwa burodi nake gasawa a cikin gida. A lokacin nan burodi sai wanda ya je Katsina ya riƙo shi tsaraba, kafin ya iso ya bushe. Wata maƙwabciyarmu ce ta koya mani, matar wani kuku da ya yi aiki a gidajen Turawa, kafin su tattara su koma garinsu. Tanderun nawa duro ne aka kwantar a kan duwatsu, aka shimfiɗa yashi a cikinsa, wuta a ƙasa, garwashi a bisa, sai ƙofa ta faifan kwano da ake ratayawa a baki. Masu shayi a tasha a wurina suke saye, haka malaman makaranta. In aka ce "gidan mai burodi" kowa ya san inda ake nufi, kuma ba zan ɓoye maku ba, sunan nan yana yi mani daɗi ƙwarai.

To, shi burodi ba tuwo ba ne da za ki tuƙa kina kallo. Rufe shi ake yi a cikin duhu, a bar ki da zullumi. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Da na rufe ƙofa sai zuciyata ta ce ya ƙone, in duƙa in buɗe in leƙa. In na koma na zauna ta ce bai tashi ba, in sake buɗewa. Kowace buɗewa kuwa hucin ciki ya daki fuskata, hayaƙin ƙasa ya cika mani ido. Tun ina sharewa da gefen zane ina dariya, har idanun suka kaɗa suka yi ja, kullum cikin hawaye, da safe sai na jiƙa su da ruwan ɗumi kafin su buɗe. Na sa kwalli, na sa duk abin da tsofaffi suka ce a sa, a banza.

Da abin ya ishi Malam, haka nake kiran maigidan, sai ya kai ni asibiti. Malamin asibitin ya buɗe idon hagu ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi sana'ata. Da ya ji, bai yi mani magana ba, Malam ya juya wa. Ya ce na hagun ya riga ya taɓu, in kuma na ci gaba da cusa fuska a wuta, na daman zai bi shi.

Ko mayafi ban cire ba da muka dawo gida, Malam ya ce, "Burodi ya ƙare a gidan nan."

Na ce, "Haba Malam, sana'ar tawa?"

"Na ciyar da ke, na tufatar da ke. Me kika rasa? Gobe zan tafi Karofi awon wake. In na dawo za a tayar da duron nan tsaye a riƙa zuba wa raguna ruwa."

Raguna! Tanderun da ya yi mani suna a gari, shi za a mayar mashayar dabbobi. Na yi fushi, na yi kuka, kukan ma ya ƙara wa idon raɗaɗi. A ranar nan da za a tambaye ni wane ne babban maƙiyina a duniya, da mijina zan nuna. Ƙuruciya kenan.

Ina kwance ina saƙawa ina kwancewa sai na tuna wata magana ta matar kukun nan. Ta taɓa ce mani a wani gidan Bature mijinta ya ga murhu mai ƙofar gilashi, ana kallon abinci yana dahuwa daga waje. Lokacin da ta faɗa dariya na yi, na ɗauka irin labaran da ake ƙara wa gishiri ne. Yanzu kuwa sai maganar ta tsaya mani a rai. Da safe na roƙi Malam ya bar ni in je Kurfi ganin gida. Ya yarda nan take, a zatonsa zuciyata za ta huce a can. Yana fita na cire ƙofar tanderu, na naɗe ta a tsohon zane, na cusa a ƙasan kayana, na hau akori-kura.

Yayana maƙerin gwangwani ne a Kurfi, shi ke yin bokiti da mazurari da fitilar aci-balbal. Da na kwance zanen a gabansa sai ya dube ni ya dubi ƙofar ya ce, "Auta, kowa na zuwa da tsarabar goro, ke ƙofa kika kawo mani?"

Na ce, "Taga za ka huda mata, Yaya, ka sa gilashi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma da na ba shi labarin ido da na raguna, sai ya daina dariyar ya jawo almakashin kwano. Ya huda tsakiyar ƙofar, ya samo guntun gilashin taga, ya lanƙwasa kwano ya matse shi ta ko'ina, ya yi kyau abin sha'awa. Na soma murna. Ya kara ta a kan garwashin maƙera don gwaji, ba a jima ba muka ji ƙas, gilashi ya tsage gida biyu. Ya nemo wani mai kauri, shi ma haka.

Ya ce, "Kin gani? Ƙarfe in ya ji wuta motsawa yake yi, sai ya murɗe gilashin. Shi kuma gilashin taga ba don wuta aka yi shi ba. Ki haƙura."

Na ce, "In haƙuri nake da shi, me zai kawo ni Kurfi da ƙofa?"

Da magariba muna zaune a tsakar gida, ni na cika na yi fam, sai Inna ta kunna fitilar ƙwai ta ajiye a gabanmu. Da ma hasken fitila yana damun idona, na kai hannu zan kawar da ita, zafin ƙwan ya ƙona mani yatsa. Na tsaya ina kallonsa. Ga gilashi, ga wuta a cikinsa, kuma kullum haka yake shan ta bai taɓa tsagewa ba.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Ƙwan fitila kewayayye ne, ƙofa kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ta ina za su haɗu?" Can sai ya miƙa hannu ya hure fitilar ya zare ƙwan da gefen rigarsa, ya kwantar da shi a tafin hannu yana jujjuyawa. Inna tana ta faɗa wai mun bar ta a duhu da tuwo a hannu, ko sauraronta ba mu yi ba.

Gari na wayewa ya kama aiki, ni ina tsugune a gefensa ina ba shi umarnin da bai nema ba. Sabon faifai ya yanka, ya huda rami daidai tsawon ƙwan, ya kwantar da shi a ciki, rabinsa ta ciki rabinsa ta waje. Ya toshe bakunansa biyu da murafun gwangwani, ya bar ɗan huji don iska ta samu hanya. Wannan karon bai matse ba, waya ya sa ya ɗaure shi sako-sako, har yana ɗan motsi in an taɓa, sannan ya cike gefe-gefen da yumɓu haɗe da toka. Ya sa mariƙi na icce. Da ya kara ta a garwashi na rufe ido, na toshe kunne. Shiru. Ya ƙara zuga, shiru. Ƙofa ta yi zafi har yumɓun ya bushe ya yi fari, ƙwai na nan lafiya lau, har gefensa na waje bai kai na ciki zafi ba. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a tsakiyar maƙera ba, sai da masu wucewa suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Yaya ya ja mani kunne da abu biyu. Kada ruwa ya taɓa ƙwan yana da zafi, kuma in mayar da bakin wuta ta bayan duro don hayaƙi ya daina fitowa ta gaba. A hanyar komawa a cinya na rungume ƙofar nan kamar jinjiri, duk ramin da mota ta faɗa sai na yi salati.

Na tarar Malam ya riga ni dawowa. Yana tsaye a gaban duro mai buɗaɗɗen baki, hannuwa a baya. Ya ce, "Ashe ganin gida da ƙofa ake zuwa."

Na durƙusa na kwance zanen na nuna mashi. Na ce, "Malam, gashi ɗaya nake roƙo. Ka zauna tare da ni. In na buɗe ƙofar nan kafin burodi ya gasu, ka ɗauki duronka, ba zan sake magana ba."

Ya daɗe yana kallon ƙwan fitilar. Ya ce, "Gashi ɗaya."

Washegari da hantsi na jera kwaɓi a gwangwanaye, na tura ciki, na rataya ƙofa. Na shimfiɗa mana tabarma nesa da wuta, na zauna, na leƙa ta cikin ƙwan. Babu abin da nake gani sai baƙi ƙirin. Ni da Yaya duk dabararmu ta tafi a kan kada gilashi ya fashe, babu wanda ya tuna cewa cikin duro duhu ne. Na matsa, na karkata kai, na rufe idon hagu na buɗe na dama, duk ɗaya. Ga ƙamshi ya soma fitowa, ga hannuna yana ƙaiƙayi, har sai da na zauna a kan tafukana. Da na kasa jurewa na miƙe, Malam ya ce, "In kin buɗe, kin san alkawari."

Na koma na zauna, hawaye suka zubo. Na ce, "Ba na ganin komai, Malam."

Ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya tashi ya tafi. Na ce shi kenan, masu ɗaukar duro ya tafi kira. Sai ga shi ya fito daga ɗakina da madubina a hannu. Ya tsaya a inda rana take, ya karkata shi nan, ya karkata shi can, hasken ya bi bango, ya bi ƙasa, ya hau jikin duro, sannan ya faɗa cikin ƙwan.

Jama'a, sai ga burodina. Ya haye bakin gwangwanaye ya yi tozo, fari sol, yana sheƙi. Lanƙwasar gilashin ta ɗan ja shi ya yi tsawo, amma shi ne. Na daɗe ina wannan sana'a, kullum sai dai in sa kwaɓi in fitar da burodi, abin da ke faruwa a tsakani ban taɓa zama na kalle shi ba. Don murna ina dariya ina kuka lokaci guda. Malam ya duƙo daga inda yake tsaye, ya ce a hankali kamar yana tsoron kada burodin ya ji, "Ke, kumbura yake yi."

Haka muka yi ta kallo. Fari ya koma ruwan ƙwai, ruwan ƙwai ya soma ja daga gefe. Hannun Malam ya gaji ya sauya, ya sake gajiya ya sake sauyawa. Wani ya yi sallama a zaure yana neman awon dawa, Malam ya ɗaga murya ya ce yana zuwa, kuma ko taku ɗaya bai yi ba. Da na ga kamar ya yi, na yunƙura, sai ya ce, "Dakata, na can ƙurya bai yi ja ba." Mutumin da ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba, yau shi ke koya mani gashi.

Sau ɗaya na buɗe ƙofar, da doguwar sanda, fuskata a kawar. Ban taɓa fitar da burodi mai kyau irin na ranar ba, domin buɗe-buɗen da nake yi a da shi ke sa ya zauna. Malam ya gutsuri ɗaya da zafinsa, yana hura yatsu, ya tauna ya haɗiye. Ya ce raguna su ci gaba da sha a kwatarniya. Kafin mako ya zagayo matan unguwa sun ji labari, suna shigowa da hantsi su jeru a tabarma, ɗaya ta riƙe madubi, wai sun zo kallon majigi.

Amma a ranar nan, bayan na gama murnata ina kwashe gwangwanaye, na ce mashi cikin tsokana, "Ashe dai kana son burodin nan." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ban taɓa ƙin burodinki ba. Tsoro nake ji kada wata rana in yi sallama ki juyo ba ki gan ni ba."

Idon hagu bai tsira ba, bayan 'yan shekaru ya rufe gaba ɗaya, kamar yadda aka faɗa. Na dama kuwa yana nan har yau. Da shi na ci gaba da sana'ata har ƙarfina ya ƙare, da shi na ga furfurar Malam, da shi kuma na kalli fuskarsa ranar da za a fita da shi. Abin da na koya kenan, kuma shi nake faɗa wa duk wanda ya kawo mani ƙarar wani nasa: in mai ƙaunarka ya tare maka hanya, kafin ka ɗauke shi maƙiyi, ka tsaya ka gano abin da yake tsoro. In ka samo wa tsoron nan magani, shi da kansa zai taya ka aikin da ya hana ka.