Muryar Tladi a Gonar Dawa

Direbobin tasi na tashar Palapye bebe suke ce wa Moatlhodi, kuma duk wanda ya faɗa a kunnena sai mun yi da shi. Mutumin da suke gani a ƙarƙashin rumfar kwano yana yi musu facin taya, da baƙar rigar fata ko da rana na ƙona ƙeya, da ƙyalle mai hoton ƙoƙon kai ɗaure a wuya, ba bebe ba ne. Ni Gaolathe na san muryarsa. Shekara biyar ina zaune a bayansa ina dukan ganguna, muryar nan tana girgiza mini haƙarƙari.

Mu uku muka kafa ƙungiyar tun muna samari, a garejin kawun Ditiro. Ditiro ke riƙe da jita, ni ganguna, Moatlhodi kuma waƙa. Muka sa mata suna Phiri ya Tshipi, Kurar Ƙarfe, shi kuma 'yan kiɗan metal, irin kiɗanmu na ruri da ƙarar jita, suka laƙaba masa Tladi, wato aradu. Sunan ya dace da shi. In ya sunkuya ya jawo rurin nan daga can cikin cikinsa, karnukan unguwa har bakin layin dogo sai sun amsa. Amma a sauke shi daga dandamali, ba ka taɓa ganin salihi irinsa ba. Duk jana'izar da aka yi a unguwa shi ke fara ɗaukar shebur, da kwat ɗin aro a kan rigar fatarsa, tunda dattawa ba sa barin namiji ya tsaya a makabarta ba kwat.

Kaset ɗaya tal muka yi da shi. A ɗakin taron wata makaranta muka ɗauka, da rikodar aro, muka kwafi kaɗan muna sayarwa a wurin wasa. Wayoyin lokacin kuwa ban da kira da wasan maciji ba abin da suka iya. Wa ya damu? A ganinmu muryar tana nan, gobe ma a sake ɗauka.

Sai ta fara dishewa. Muna ta yi masa tsiya.

"Kai Tladi, aradun ta koma kukan agwagwa ne?" in ji Ditiro.

Ashe ciwon daji ne. A Gaborone likitoci suka cire masa maƙogwaron muryar gaba ɗaya, suka bar masa 'yar kafa a wuya da yake numfashi ta ita, abin da ƙyallen nan yake rufewa ke nan. Ya rayu, mun gode Allah. Muka ɗauki wani yaro mai suna Seabelo a gurbinsa, kuma abin haushin, daga nan ne ƙungiyar ta tashi. Muka yi faifai bayan faifai, muka yi wasa a Maun da Ghanzi, har Johannesburg. Tladi bai taɓa nuna mana baƙin ciki ba. Shi ke ɗora mana lasifika a mota, ya ɗaga mana yatsu biyu, ya koma kan tayoyinsa. Daga baya ya yi aure, aka haifa masa Boikhutso. Yarinyar ta tashi tana karanta hannuwan ubanta da leɓɓansa fiye da kowa, amma ko tarin kirki ba ta taɓa jin ya yi ba.

Bara Ditiro ya zo rumfar da labari. Ƙungiya ta cika shekara ashirin da biyar, za a haɗa faifai guda da zai tattaro waƙoƙinmu tun daga farko har yau.

"Waƙar farko taka ce, mutumina," ya ce wa Tladi. "In babu kai a ciki, a fasa."

Tladi ya ajiye guduma. Boikhutso tana zaune a kan tsohuwar taya da kayan makaranta, tana cin magwinya, wani irin fanke, mai ya ɓata mata baki. Ya jawo ta, ya taɓa wuyansa, ya taɓa kunnenta. Ba wanda ya nemi fassara. Yarinyar ta daka tsalle ta ce, "Zan ji Baba? Da gaske zan ji shi?" Tun daga ranar kullum sai ta tare ni ta tambaya ko faifan ya fito.

Muka shiga neman kaset. Nawa ya tafi da wata budurwa tun tuni, na Ditiro rediyon mota ta cinye. Muka yi cigiya a wurin tsofaffin 'yan fata, wato masoya metal masu rigar fata irinmu, daga Francistown har Lobatse. Mutum ɗaya ya samo nasa, muka kunna da rawar jiki, sai ga mawaƙan coci. Matarsa ta ɗauki wani biki a kai. Na kusa fasa rikodar. Tladi kuwa dariya yake yi, irin tasa marar sauti, yana buga ƙirji. Ya zana mana kwali a iska, ya nuna gabas. Ashe uwar kaset ɗin, wadda muka kwafi sauran daga ita, da duk ragowar da ba mu sayar ba suna ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa a Lerala.

Ranar Asabar muka hau a-kori-kurar Ditiro, mu uku kamar da. Muka tarar da gidan a kulle. Lokacin zaman gona ne, dawa ta fitar da kai, tsohuwa ta tare a can. Muka bi hanyar yashi, Ditiro yana ta zagin ramuka, Tladi yana kaɗa yatsu a jikin ƙofa.

Tun daga nesa na hango gonar tana walƙiya. Na ɗauka ruwa ne ya kwanta. Da muka matso sai na ga sanduna a kakkafe, an ja wani siririn abu daga wannan zuwa waccan, layi bayan layi, a saman kawunan dawa, iska tana kaɗa shi yana ƙyalli. Ni dai na gane kafin mota ta tsaya. Zaren kaset ne, gona guda.

MmaMoatlhodi, wato uwar Moatlhodi, ta fito daga bukka tana dogara sanda, murna fal fuskarta.

"A'a, 'yan fata ne da rana tsaka! Ba ku dahu ba a cikin kayan nan? Ku shigo inuwa."

"Mma," na ce, "wancan abin fa?"

"Ai dabarar matar fasto ce, Allah ya yi mata albarka. Bara tsuntsayen jan-baki tas suka yi mini, ko na shuka ban samu ba. Gwiwoyin nan ba sa bin tsuntsu, jikoki kuma duk suna makaranta. Sai na tuna da kwalin nan da ya yi shekaru yana cin wuri. Ai rediyon da ke cin su ma ta mutu tuntuni."

"Duka, Mma?" in ji Ditiro.

"Duka mana. Mai jan rubutun nan ma ya fi sauran tsawo, shi kaɗai ya zagaye gefen kankana."

Mai jan rubutun shi ne uwar kaset ɗin. Ni da nake da baki, ni da ba a taka ni in yi shiru, na rasa wanda zan zaga. Tsohuwar da ke tsaron abincinta? Tsuntsaye? Rana?

Tladi ya shiga cikin dawar. Ya kwance bakin zare ɗaya daga sanda, ya zaro biro daga aljihu ya fara naɗewa a hankali, yadda muke yi da can in rikoda ta tauna kaset. Wata biyu zaren yana shan rana da ruwan sama. Shafen nan mai ruwan ƙasa da ke jikinsa, inda sautin yake, yana ta barewa yana manne masa a yatsu, abin da ke hawa biron farar leda ce kawai. Ya dubi yatsunsa. Ya dubi itatuwan ƙaya na bakin gona, inda jan-baki suka yi baƙi ƙirin suna jira.

"Ku bar shi sai an yi girbi mana," tsohuwa ta ɗaga murya. "Tun da na ɗaura ko ɗaya bai sauka ba. Dama shi tun yana yaro in ya buɗe baki kaji ke watsewa."

Ta yi dariya, ba wanda ya taya ta. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, dariyar ta tsaya.

"Gaolathe, ɗana, faɗa mini gaskiya. Ba hayaniyar ƙarafunanku ba ce kawai a ciki?"

"Muryarsa ce, Mma. Ita ke nan, babu wata."

Ta lalubi turmi ta zauna. Sannan ta ce, "Ni fa na manta yadda take. Ina ta ƙoƙari in tuna yadda yake cewa Mma, ta ƙi zuwa." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗanta ya warware abin da ya naɗe, ya mayar da zaren jikin sanda ya ɗaure tam, sannan ya zo ya durƙusa yana shafa mata baya.

Duk da haka Ditiro ya tsinko guntu daga inda inuwa ta ɗan kare, ya kai wa mai haɗa mana sauti a Gaborone. Mutumin ya yi iya yinsa, ya liƙa, ya goge, ya kunna mana. Shuuu kawai, kamar ana zuba yashi a kwano.

Ba a fasa yin faifan ba, Tladi da kansa ya hana. Faifan ya fito da hotonmu mu uku a bango, muna samari, Tladi a tsakiya baki buɗe. Waƙoƙin kuwa daga zamanin Seabelo suka fara. Boikhutso ba wanda ya iya gaya mata cewa babu muryar ubanta a ciki. Uban ba shi da bakin faɗa, ni kuma duk ranar da na shirya sai na ga fuskarta in fasa.

Ranar da faifan ya iso, Ditiro ya kafa lasifika a bakin rumfar faci, direbobi suka taru suna kallon ikon Allah. Yarinyar ta dawo daga makaranta a guje, ko jaka ba ta sauke ba, ta tsaya a gaban ubanta. Waƙar farko ta tashi.

"Wannan ne, Baba?"

Ya girgiza kai. Ta biyu ta shigo, ta sake tambaya, ya sake girgizawa. A ta uku idanunta sun fara kawo ruwa. Seabelo ya saki wani dogon ruri.

"Wannan fa?"

Tladi ya dube ni. Sannan ya dubi 'yarsa, ya gyaɗa kai.

Wayyo, ihun da yarinyar nan ta yi! Ta ruga wurin direbobi tana jan hannun rigunansu. "Kun ji? Babana ne! Wa ya ce bebe ne? Ku sake faɗa mana!" Ta dawo ta manna kunne a jikin lasifika, ta rufe ido.

Wani tsohon direba da ya san Seabelo sarai ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Rra," wato malam, "wai shi ne?"

"Shi ne," na ce.

Tladi ya jawo tayar da ya bari, ya tsoma ta a ruwa, ya sunkuyar da kai yana neman inda take yoyo.