Da Cikin Wata Biyar Zuwa Agege

Mun tashi daga Kaduna ana idar da sallar asuba, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka kwana ana yi. Mu uku ne a fijon masaƙarmu: direba, da Hajiyar da ke shugabantar sashenmu na zanen atamfa, da ni. In gaskiya za a bi mu huɗu ne, domin ina ɗauke da cikin wata biyar. Abin da ya fito da mu shi ne kai sababbin zane-zane Legas mu nuna wa manyan dilolin da ke sarin kayanmu. Yawancinsu ni na zana, kuma a 'yan watannin nan ana ta rage ma'aikata a masaƙa. Da Hajiya ta ce da ni za a tafi, bakina bai iya cewa a'a ba.

Maigidana bai so tafiyar ba. Shekara biyu da suka wuce na yi ɓari a wata na huɗu, tun daga nan ko tuntuɓe na yi sai ya miƙe tsaye. Sai da likita ta ce zan iya, muddin za a riƙa tsayawa ina miƙe ƙafa, sannan ya amince, da sharaɗin ba zan hau acaɓa ba ko da ita kaɗai ta rage a Legas.

Masu karatu mata sun san barcin wata biyar. Ido a buɗe yake, amma komai na wucewa a hankali, kamar kana kallonsa ta cikin ruwa. Haka na ga dajin Birnin Gwari, bishiyoyi suna fitowa daga farin raɓa suna komawa, garken shanu na tsallaka titi ba na jin ƙarar kofatonsu. Ramuka ne kawai ke dawo da ni duniya. Direba ya ce tun da farar hula suka hau mulki shingayen soja sun ragu, amma ramukan hanyar nan har yau ba su ji labarin an yi zaɓe ba.

A Makwa muka tsaya na taka ƙasa, doya jibge a bakin titi, arha kamar a bar maka kyauta. A Jebba kuwa mata suka yi wa motar zobe da farantan soyayyen kifi. Na ci, na ƙara, har Hajiya ta kau da kai don kada in ji kunya. Muna hawa gada, ina kallon Kogin Kwara shimfiɗe da rana a kansa, sai ɗan cikin ya motsa. Bai fi sati uku da fara yi mini haka ba, 'yar girgiza a ƙasan cibiya kamar ƙaramin kifi ya juya. Na rufe ido na ce masa a zuci: ka ga ruwa ke nan.

Mun kwana a Ilori. Da safe na karya, na jira motsin da ya saba yi bayan na ci abinci, shiru. Na ce gajiyar hanya ce. Muka wuce Badun da rufin kwanonta masu tsatsa har iyakar ganin ido, muka faɗa cunkoson shiga Legas da azahar, motocin haya na danfo ruwan ɗorawa suna kutsawa ta ko'ina, yaran mota rataye a ƙofa suna kiran unguwanni kamar masu waƙa. Har aka sauke ni a Agege ban ji komai ba.

Hajiya da direba suka nufi masauki a Ikeja, ni kuwa gidan Goggo na sauka, ƙanwar mahaifina. A Agege aka haife ni, lokacin Baba na fataucin goro. Ina shekara shida mahaifiyata ta rasu, muka koma Arewa, ban sake taka unguwar ba sai yanzu. Na zaci ba zan tuna komai ba. Amma ina jin ƙamshin burodi mai zafi haɗe da hayaƙin gawayi da warin kwata, sai ƙafata ta san inda lungun yake kafin a nuna mini. Layin dogo na nan inda na bar shi, 'yan kasuwa sun baza tumatir da gwanjo har kan ƙarfen. Manyan motocin shanu na wucewa zuwa mayankar Oko-Oba, ƙahoni sun leƙo ta sama. Yara na wasa a ƙofar gida, su fara magana da Hausa, su bi ta Yarbanci, su ƙare da Turancin kasuwa, ba wanda ya lura an canza harshe sai ni.

Goggo waina take soyawa, mahauta da dillalan shanu ke sayenta da sassafe. Ta rungume ni, ta ja baya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Tafiyar uwarki kika ɗauko, har da dafa ƙugu." Ta ba ni ɗakinta, ta hana ni ko ɗaukar buta.

Washegari aiki. A wani ɗakin ajiyar kaya a Ogba muka shimfiɗa zane-zanen a kan dogon tebur. Dilolin mata ne yawancinsu, da manyan ɗaurin kai, kowacce sai ta murza ƙyallen da yatsa ta ɗaga shi ga haske. Hajiya na ciniki da su da Yarbancin da ban san ta iya ba, ni ina tsaye ina bayanin launi. Sun so wani shuɗi da na zana cikin gyangyaɗin azahar a ofis, mai 'yan layuka kamar sawun iska a kan tafki. Ina murmushi, ina amsa tambaya, amma rabin hankalina na can ƙasa yana saurare, kamar wadda ta kafa kunne a ƙofar ɗaki tana jiran a yi tari a ciki. Tun safe har la'asar ban zauna ba, ruwan leda kawai na sha.

A hanyar komawa na tsaya wurin wata mai lema da wayar hannu, irin waɗanda suka cika titi tun da wayar nan ta shigo. Na kira ofishin maigida. Ya ce, "Ya jikin? Ya mutumin namu?" Na ce lafiya lau. Mai wayar na kallon agogo, ni kuma ba na son maganar ta yi tsawo.

Goggo ba a ɓoye mata. Ina zaune a tsakar gida tana gyaran shinkafar wainar gobe, sai ta ajiye faifan.

"'Yar nan, tun da kika shigo hannunki bai bar cikin nan ba. Mene ne?"

Na ce, "Goggo, tun Jebba bai motsa ba."

"Jebba ta shekaranjiya?"

Na gyaɗa kai, sai hawaye. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta yafa mayafi ta ce in tashi.

Mun bi gefen layin dogo da ƙafa, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan rufin gidaje. Har yanzu in na tuna tafiyar nan kamar a mafarki nake ganinta. Masu gasa masara, wani ɗan Nijar mai shayi yana jera kofuna, kiran sallar wani masallaci ya riga na sauran, duk ina ji daga nesa. Ba abin da ke kusa da ni sai hannun Goggo mai kaushi a cikin nawa.

Wani ƙaramin asibitin haihuwa ne a bayan kasuwa. An ɗauke wuta, saboda haka na'urar hoton ciki na lulluɓe da zane. Ungozomar dattijuwa ce Bayarbiya, Hausarta tas, sai dai 'yar karkata a ƙarshen magana. Ta kwantar da ni, ta shafa cikin da tafin hannu, ta ɗauko wani abu kamar ƙaramin mazurari na ƙarfe ta kafa a kai, ta sa kunne. Ta matsar da shi. Ta sake matsarwa. Ni ina kallon wata tsaka a silin, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Can sai ta ɗaga yatsa ɗaya ta fara kaɗa shi a iska da sauri, tana bin abin da take ji.

"Yana nan, ɗiyata. Zuciya na bugawa kamar agogon hannu. Baya ya juya miki, a wata biyar ɗakin ya yi masa yawa, ba kullum za ki ji shi ba." Sannan ta tsuke fuska. "Me kika ci yau?"

Na ce ruwan leda kawai.

"Na gani a ƙafarki. Gobe ba inda za ki. In kuma kika sake jin shiru irin wannan, ranar za ki zo, ba bayan kwana biyu ba."

A hanyar gida Goggo ta ce, "Ke ma haka kika yi wa uwarki. Ta wannan hanyar na rako ta, tana kuka kamar ke, ashe barcinki kike yi." Ban taɓa jin wannan labarin ba. Abin da na riƙe na mahaifiyata bai wuce ƙamshin man kanta da wani koren zane ba. Ranar na samu ƙari: ta taɓa jin tsoro saboda ni, a kan wannan turɓayar.

Da safe fijo ta zo ɗaukata. Ranar ce za mu zaga babbar kasuwar tsibirin Legas rumfa rumfa, kuma don ita aka zo da ni. Na fita bakin mota a tsorace, domin Hajiya ba ta son uzuri, kuma ita ke ba da sunan wanda zai zauna in an zo rage mutane. Na gaya mata komai. Ta daɗe tana kallon gilashin gaba.

"Shi ne kika tsaya jiya wuni guda ba ki faɗa mini ba?"

"Na ji tsoron aikin, Hajiya."

Ta ce, "Ni ma na ji tsoronsa. Ina ɗakin saƙa a lokacin, cikin wata shida, ban nemi kujera ba don kada a ce mata ba su iya ba. Namiji ne. Da yanzu ya gama jami'a." Ta miƙo hannu ta taga. "Ba ni jakar zanen. Koma ki kwanta."

Wunin nan a tabarmar Goggo na yi shi, ƙarƙashin bishiyar tsakar gida da ganyenta ke faɗowa ja ɗaya bayan ɗaya. Na yi barci, na farka, na koma. Na yi mafarkin wata mace tana shanya atamfofi a kan layin dogo, ban ga fuskarta ba, amma ban ji tsoro ba. Da hantsi Goggo ta aiko mini da wake mai laushi irin na Yarbawa, da baƙin yaji soyayye da manja, da burodin Agege mai ɗumi da ake yaga shi kamar auduga. Ina cikin ci, loma na hannuna, sai na ji. Sau ɗaya, sannan sau biyu a jere. Na kira Goggo a hankali kamar kada in tashi wani. Ta zo da ludayi a hannu, ta duba fuskata, ta ce, "Ɗan Agege ne, wake ya sani," ta koma bakin tandarta.

Hajiya ta dawo da yamma ƙafa a kumbure, ta ce shuɗin nan ya karɓu. Kwana biyu bayan haka muka kama hanyar gida, bayan mota cike da burodi da man ja da Goggo ta ɗora mini. Mun sake kwana a Ilori, muka iso Kaduna ana la'asar. Kafin in cire mayafi na zaunar da maigida na gaya masa abin da na ɓoye masa a waya. Ya ce, "Da kin faɗa, da mun ji tsoron tare."

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa. Na ɗauka in na yi shiru aikina zai tsira, maigida zai samu kwanciyar hankali, ba wanda zai wahala sai ni. Ashe akwai wanda ba shi da baki, duk abin da na haɗiye tare muke haɗiya. Ban san ko masaƙa za ta kai baɗi da ni a ciki ba. Amma ranar Litinin na shiga ofis da kwanon abinci da filas na kunu, na je sito da kaina na ce a ba ni kujera mai makari. Mai sito ya tambaya ta wa ce. Na ce ta mutum biyu.