Fukafukan da Baban Ashraf Ya Kawo

Wanda ya san Firisila Badung a yanzu, malamar kimiyya mai ƙarancin magana a wata sakandare da ke hanyar Rayfield, da wuya ya yarda cewa a da ita ce mai cika aji da surutu. A unguwar Congo-Russia da ke Jos aka haife ta. Mahaifinta direban tifa ne, ya rasu tana ƙarama, uwarta Mama Naomi kuwa da sayar da dankalin Turawa ta riƙe ta har ta shiga jami'a, fannin injiniya.

A shekararsu ta ƙarshe aka raba ɗalibai rukuni-rukuni, aka ce kowane rukuni ya ƙera wani abu da hannunsa. Ita ta faɗa tare da Emenike, sarkin gardamar ajinsu, da Ashraf, wani dogon saurayi mai sanyin hali. Firisila ce ta ce su ƙera ƙaramin jirgin sama mara matuƙi, wanda zai riƙa ɗaukar allurar rigakafin dabbobi daga Vom zuwa ƙauyukan da damina ke yanke wa hanya. Emenike ya ce wannan hauka ce, amma washegari shi ya fara zuwa da zane. Suka raba aiki: shi na'urar sarrafawa, Ashraf inji da batir, ita fukafukai.

Fukafukan ne suka ba su wuya. Na farko da ta haɗa, jirgin ya yi gudu a wani fili, ya ɗan ɗaga, sai ya dungura cikin gonar kabeji, suka sha faɗa wurin mai gona. A ranar Ashraf ya kai ta wurin mahaifinsa, Malam Lukuman, kafinta. Dattijon ya daɗe yana duban zanen, ya yi dariya, ya ce shi dai ƙofa da gado ya sani, bai taɓa sassaƙa abin da zai tashi sama ba, amma zai gwada.

Tun daga nan shagon ya zama gidanta na biyu. Tana awo, yana yanka katako siriri kamar tsinke, su ɓata su sake. Yana kiranta Injiniya, tana kiransa Baba. Matarsa, Umma Kubra, ba ta zuba abincin rana sai da kwanon Firisila, har ta gane ba ta son yaji ta riƙa ware mata miya.

Ana gobe za su yi gwaji Malam Lukuman ya gama. Firisila ta kira shi da safe ta roƙi ya aiko mata da su gida don ta liƙa musu leda. Ya ce ba zai ba wani ya karya masa aiki ba, da kansa zai kawo. Ya kuwa zo a keke mai ƙafa uku, ya rungumo su cikin tsohon bargo. Yana zaune suna gaisawa da Mama Naomi suka fara jin ihu daga nesa, mutane na rufe shaguna. Rikici ya ɓarke a gari, har yau kuwa ba a samu mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya kan abin da ya tayar da shi ba.

Mama Naomi ta riƙe masa hannun riga ta ce ya zauna har ƙura ta lafa. Ya ce iyalinsa za su shiga damuwa, kuma ai duk unguwar an san shi, rabin ƙofofinta shi ya yi. Ya fita. A mararrabar unguwar wasu matasa suka tare shi, bai isa gida ba.

Aka sa dokar hana fita, aka rufe jami'a. Firisila ba ta samu zuwa ta'aziyya ba, don a lokacin ba mai tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Ta yi ta kiran Ashraf, ba ya ɗauka. Da aka koma karatu sai ta ji sun kwashe sun koma Bauchi. Ita da Emenike suka gabatar da zane da fukafukai babu inji, aka ba su sakamako, Emenike ya tafi Fatakwal. Malaminsu ya nema mata gurbin ƙarin karatu kan ƙirar jirage, ta ce ta gode, ba ta je ba.

Bayan shekaru ta raka ɗalibanta gasar kimiyya a Bauchi. A harabar wurin ta ga wani yana saukowa daga tsani, ya gama ɗaura faifan sola. Tun kafin ya juyo ta gane Ashraf ne. Suka gaisa a tsaye, ya tambayi Mama, ta ce tana nan. Sai ta tambayi Umma.

Ashraf ya sunkuyar da kai. "Ta rasu bara. Ta sha tambayarki, Firisila. Har tana kwance ta ce in nemo ki. Ni ne na kasa."



"Ba wanda ya ɗora miki laifi a gidanmu," in ji shi. "Amma in na ji muryarki, Baba nake gani yana naɗe katakon nan. Ki yi haƙuri da ni."

Ya ɗauki tsaninsa ya wuce, ita kuma ta koma wurin ɗalibanta ta zauna har aka tashi, ba ta san wa ya ci gasar ba.

Da ta dawo Jos ta tarar da Mama Naomi tana zuba dankali a buhu don kasuwar washegari. Ta durƙusa kusa da ita ta faɗa mata rasuwar Umma Kubra. Tsohuwar ta ture buhun gefe, ta shiga ɗaki ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a tsakar gida.

"Tun da ba mu je zaman makokinsu ba, sai mu yi namu," ta ce.

Washegari ba ta je kasuwa ba, Firisila ma ba ta je makaranta ba. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambayar wa ya rasu, Mama Naomi tana ce musu 'yar'uwarta ce.