Abin da feshin fenti ya bar min a ƙirji

Assalamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu sun ɗauka ci-rani na tafi. Jinya na yi.

Ga wanda bai sani ba, sana'ata feshin fenti ce a Kura: injinan casar shinkafa, ƙofofin ƙarfe, jikin adaidaita sahu. Babban abokin gabarmu a nan ƙaiƙayi ne. Iska ta ɗebo shi daga wajen casa, ta watsa a kan ɗanyen fenti, aiki ya lalace. Shi ya sa muke zagaye rumfa da tamfol, mu toshe ko'ina, mu yi feshi a ciki. In an tashi a wanke hannu da tina, ruwan tsinka fenti, a sha madara, wai tana wanke ƙirji.

Da tari ya fara. Daga baya numfashina ya koma yana ƙara kamar usur.

A asibitin kusa da mu aka ce a gwada tarin fuka. Kafin sakamako ya fito, na lura an ware min kofi a gida. Ko ni ne haka zan yi. Gwajin kaki bai nuna komai ba, hoton ƙirji ma haka.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a cikin rumfa, yayana ya kai ni babban asibiti a Kano. Aka kwantar da ni, aka sa min iskar oksijin. A nan kam na ji tsoro.

Likitar da ta duba ni ta tambayi aikina, ta ce a kawo gwangwanayen fentin da nake aiki da su. Ta ture na launi gefe, ta ɗaga ƙaramin, hadna, wanda muke zubawa don fenti ya yi tauri.

"Wannan ne ya jawo maka asma."

Na ce, "Likita, ai ina shan madara."

Ta ce, "Malam, madara ciki take tafiya. Wannan huhu yake shiga."

Sai na tambayi abin da ya fi damuna: yaushe zan koma aiki? Ta ce ba komawa, ko kaɗan na shaƙa ciwon zai tashi.

Ban yarda ba. Da na ji sauƙi na gwada fesa ƙofa ɗaya, da takunkumi biyu a fuska. Ban kai rabi ba aka ruga nemo min maganin asma na shaƙa.

Na sayar da kwamfresa, injin feshina, kuɗin ya tafi a magani. Yanzu ban-ruwan tumatir nake yi a gonar yayana a Bunkure. Numfashi ya daidaita, alhamdu lillahi.

Na gode wa yayana da maiɗakina da duk wanda ya yi addu'a. Allah Ya saka da alheri.

Abokan sana'a, ku bar wa iska hanya, ku sayi takunkumi mai matata, ƙyalle ba ya tare komai. In tari ya daɗe, ku je asibiti, ku faɗi aikin da kuke yi tun kafin a tambaye ku. Ni na iya fenti fiye da yadda zan taɓa iya tumatir, kuma ba zan sake riƙe bindigar feshi ba.